Nawar kwamfuta da maganinta: bayani domin masu nazarin harshe

0. Gabatarwa

Kusan duk aikin bincike da ake yi a yau cikin kimiyyar harshe ta kwamfuta yake bi: ɗaukar magana, rubuta ta, auna karin sauti, tsara ƙamus, har zuwa buga kundin digiri. Mafi yawan ɗalibai kuwa, da malamai da dama, da tsofaffin kwamfutocin hannu suke aiki, waɗanda aka sayo bayan sun yi shekaru a hannun wasu. Idan irin wannan na'ura ta fara nawa, abu biyu aka saba yi. Ko dai a kai ta wurin mai gyara ya yi mata formataj, wato ya shafe duk abin da ke ciki ya sake zuba tsarin, ko kuma a yanke cewa ta tsufa, sai an sayi wata. Na farkon yakan jawo asarar maganganun da aka sha wahalar ɗaukowa a ƙauyuka, waɗanda wasu ba za su sake ɗaukuwa ba, tun da tsohon da ya faɗe su wataƙila ya riga mu gidan gaskiya. Na biyun kuwa kuɗi ne da ɗalibi ba shi da su.

Abin da muke so mu nuna a cikin wannan ɗan rubutu shi ne, kwamfuta ba ta yin nawa dukanta. A kowane lokaci akwai wuri ɗaya inda aiki ke tsayawa yana jira. Wanda ya gano wurin zai yi gyara mai arha kuma mai amfani. Wanda bai gano shi ba zai iya kashe kuɗi da yawa, na'urar tana nan yadda take. Za mu fara da sassan na'urar, sa'annan yadda ake aunawa, sa'annan gyare-gyaren, daga na kyauta zuwa masu cin kuɗi.

1. Sassa ukun da aiki ke bi

Domin mu fahimci juna, ga kalmomin da za mu yi amfani da su. Kwamfuta ita ce abin da ake ce ma ordinatar a bakin jama'a. Manhaja ita ce logiciel, fayil kuma shi ne fichier. A cikin na'urar akwai sassa uku da suka shafi batunmu.

Na farko shi ne furosesa, wato mai yin lissafi. Shi ne ke zartar da umarnin da manhaja ke bayarwa. Na biyu ita ce RAM, wadda ake kira mémoire vive da Faransanci. Ma'aji ne na wucin gadi, inda ake shimfiɗa abin da ake aiki a kai yanzu, kuma da an kashe na'ura sai ya goge. Na uku shi ne diski, ma'aji na dindindin. Shi kuma iri biyu ne: akwai tsohon iri mai faranti da ke juyawa, da allura mai karantawa, akwai kuma sabon iri da ake ce ma SSD, wanda babu abin da ke motsi cikinshi.

Ana iya kwatanta furosesa da malami, RAM da teburinshi, diski kuma da ɗakin karatu inda littattafai suke. Komai saurin malami wajen karatu, idan teburin ƙarami ne, kuma ɗakin karatun yana da nisa, to rabin yininshi a hanya zai ƙare.

2. Ina ne aiki ke jira?

Bambancin sauri tsakanin waɗannan sassa ya wuce yadda ake zato. Ɗauko abu daga RAM yana cin kimanin kashi ɗaya cikin miliyan 10 na sakan. Ɗauko shi daga SSD yana cin kimanin kashi ɗaya cikin dubu 10 na sakan. Diski mai faranti na kwamfutar hannu kuwa yawanci sau 5400 yake juyawa a minti, wato juyi ɗaya yana cin milisakan 11. Sai allura ta je kan layin da ake nema, sa'annan ta jira faranti ya juyo da wurin, abin da ke kai jimillar milisakan 15 ko kusa da haka.

Bari mu faɗaɗa waɗannan lokuta yadda hankali zai kama su. A ce ɗauko abu daga RAM sakan 1 ne, kamar miƙa hannu kan tebur. To ɗauko shi daga SSD zai zama minti 17 ke nan, kamar zuwa ɗakin karatu a dawo. Ɗauko shi daga diski mai faranti kuwa zai zama awa 40 da ƴan kai, kamar a tashi daga Yamai a je Damagaram cikin mota, a kwana, a dawo. Lokacin da Windows ke tashi, dubban ƙananan fayiloli take nema, kowane da tafiyarshi.

A shekarar 1967 wani injiniyan kamfanin IBM mai suna Gene Amdahl ya bayyana wata ƙa'ida da har yau ake kira da sunanshi. Ma'anarta a taƙaice: ribar da za a samu daga gaggauta wani sashe ba za ta wuce rabon lokacin da sashen ke ci ba. Ga misali. A ce buɗe wani babban aiki yana cin sakan 100, daga ciki sakan 80 jiran diski ne, sakan 20 lissafi. Idan aka ninka saurin furosesa sau biyu, sakan 20 sun koma 10, jimilla 90. Idan kuwa aka bar furosesa yadda yake, aka sa diskin da ya fi sauri sau goma, sakan 80 sun koma 8, jimilla 28. Ke nan tambayar da ta kamata a fara yi ita ce, ina lokacin ke tafiya?

3. Aunawa kafin gyara

Windows tana da ma'auni a cikinta, ba sai an sayi komai ba. A na'ura mai tsarin Faransanci sunanshi Gestionnaire des tâches, kuma ana buɗe shi da danna Ctrl da Maj da Échap tare. A shafin Performances ana ganin yawan aikin da furosesa da RAM da diski ke yi, kashi nawa cikin ɗari. A shafin Processus kuma ana ganin wace manhaja ce ke cin me. Sharaɗin shi ne a duba a daidai lokacin da nawar ke faruwa, ana cikin aikin da aka saba. Abu huɗu ake iya gani:

a) Diski yana kan 100% na tsawon mintoci, furosesa kuwa yana hutawa. Wannan shi ne ya fi yawa a na'urori masu diski mai faranti.

b) RAM ta haura 85%, diski kuma yana ta aiki. A nan teburi ne ya cika. Windows tana kwashe abin da bai samu wuri ba tana kai shi diski, tana sake ɗaukowa, sai na'ura ta riƙa tsayawa duk lokacin da aka sauya daga wannan manhaja zuwa waccan.

c) Furosesa yana kan 100%. Sai a duba wace manhaja ce. Idan wadda muke aiki da ita ce, kamar mai juya bidiyo, to aikin ne mai nauyi. Idan wata ce da ba mu san ta ba, sai a bincika.

d) Na'ura tana farawa da sauri, bayan rabin awa sai ta yi sanyin jiki, fanka tana ƙara, kuma adadin da aka rubuta a gaban Vitesse ya faɗi ƙasa ƙwarai da na asali duk da ana aiki. Wannan alamar zafi ce.

Akwai awo na biyu da bai kamata a tsallake ba, wato lafiyar diskin kanshi. Kowane diski yana riƙe da rahoton lafiyarshi, wanda ake ce ma SMART, kuma manhaja ta kyauta irin CrystalDiskInfo tana karanta shi. Diskin da ya fara lalacewa yakan yi ta maimaita karatun wuri ɗaya, sai a ɗauka nawa ce kawai, alhali mutuwa ce ke tafe. Idan rahoton ya nuna gargaɗi, a bar duk wani gyara, a fara kwafe bayanai. Ko ma rahoton ya yi kyau, kada a taɓa komai sai an ajiye kwafin aiki a wani wuri dabam.

4. Gyaran da ba ya cin kuɗi

4.1. Manhajojin da ke tashi tare da na'ura. Manhajoji da yawa sukan sa kansu cikin jerin masu tashi da zarar an kunna, ko ana bukatarsu ko ba a bukata. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, ana ganin jerin a cikin ma'aunin da muka ambata, a shafin Démarrage. A kashe duk wadda ba a bukata tun da safe. Kashewar ba ta goge manhajar, tana hana ta tashi da kanta ne kawai.

4.2. Rigakafi biyu. Masu gyara sukan zuba manhajar rigakafin ƙwayar cuta a kan wata, da nufin ƙarin tsaro. Sakamakon shi ne kowane fayil sai an bincike shi sau biyu, kuma kowace tana binciken ƴar'uwarta. Guda ɗaya da ake sabuntawa ta isa, kuma Windows tana zuwa da tata, Microsoft Defender. Babbar ƙofar cuta a wurinmu ita ce kile USB da ke yawo tsakanin na'urori da shagunan buga takardu. Idan aka sa kile aka ga fayiloli sun koma ƴan alamomi masu kibiya, kada a danna su.

4.3. Manhajojin «share na'ura». Ana tallar manhajoji masu alkawarin wanke rajistar Windows su ninka sauri. Kamfanin Microsoft da kanshi ba ya goyon bayan amfani da su. Abin da suke gogewa ba shi da nauyin da zai sauya komai, kuskurensu kuwa yana iya hana na'ura tashi. Haka nan jera fayiloli da hannu, wato défragmentation, aiki ne na da: tun daga Windows Vista tsarin yana yin shi da kanshi a kai a kai, kuma SSD ba ya bukatar a yi mashi da hannu.

4.4. Fili a diski. Windows tana bukatar fili domin abin da ya yi ma RAM yawa da kuma sabuntawa. Ya kyautu a bar aƙalla kashi 15 cikin ɗari babu komai. Tsofaffin bidiyoyi da sautukan da aka gama aiki a kansu sai su koma diskin waje.

4.5. Zafi da ƙura. Furosesan kwamfutar hannu yana da iyakar zafi, wajen digiri 100. Idan ya kusa kai nan sai ya rage saurinshi da kanshi don kada ya ƙone. An ƙera yawancin waɗannan na'urori ne don ɗakin da zafinshi bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura 40 a Maraɗi da Tawa da Yamai. Kafin nan kuma ƙurar hunturu ta riga ta toshe ƴan ƙarafunan da iska ke bi. Saboda haka a buɗe a share fanka sau ɗaya a shekara, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen hunturu, kafin bazara ta kankama. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi yakan bushe bayan ƴan shekaru, mai gyara yana iya sauya shi da kuɗi kaɗan. Kada a ɗora na'ura kan katifa ko darduma, a ɗora ta kan tebur, a ɗan ɗaga bayanta. A kula da caja ma: wasu na'urori suna rage sauri da gangan idan cajar ba ta da ƙarfin da suke bukata.

5. Nauyin da aikinmu ke ɗora ma na'ura

Wani ɓangare na nawar daga yadda muke shirya kayan bincike yake fitowa, kuma lissafinshi mai sauƙi ne.

Rubutu ba shi da nauyi. A tsarin UTF-8 harafin boko na yau da kullum bayit 1 yake ci, haruffa masu lanƙwasa kuma, wato ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, bayit 2. Tarin rubutun Hausa mai kalma miliyan 1 bai wuce megabayit 6 ba, kuma manhajar bincike irin AntConc tana sarrafa shi ba tare da wahala ba. Idan kundin digiri a Word ya yi nauyi, galibi hotunan waya ne da aka liƙa da cikakken girmansu, ko kuma tarin gyare-gyaren malami da ba a karɓa ba. Word tana da umarnin matse hotuna, kuma ɗigo 220 a inci ya isa bugawa.

Sauti kuwa yana da nauyi. Fayil ɗin WAV da aka ɗauka da awo 44100 a sakan, bit 16, hanya ɗaya, yana cin kimanin megabayit 318 a awa, mai hanya biyu kuma 635. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka rubuta, idan ta buɗe sauti ta hanyar da aka saba tana ba kowane awo bayit 8 a cikin RAM. Ke nan hirar awa ɗaya mai hanya ɗaya ta zama gigabayit 1,27, mai hanya biyu ta zama 2,5. A na'ura mai RAM gigabayit 4, inda Windows ta riga ta cinye wajen rabi, teburi ya cika tun ba a fara aiki ba. Magani uku ne. Na ɗaya, a buɗe dogon sauti a matsayin LongSound, inda Praat ke barin fayil a diski tana ɗauko yankin da ake kallo kawai. Na biyu, idan makirufo ɗaya aka yi amfani da shi, a mai da sautin hanya ɗaya, tun da ta biyun maimaici ce. Na uku, a yi kwafin aiki mai awo 16000 a sakan. Irin wannan kwafi yana riƙe da sauti har zuwa hertz 8000, wanda ya wadatar wajen nazarin karin sauti da tsawon wasali da siffar wasula. Mai nazarin baƙaƙe masu zuza irin su s da sh da ts shi ne zai tsaya kan 44100. Ainihin abin da aka ɗauko kuwa a ajiye shi yadda yake, kada a taɓa.

Haka batun yake ga bidiyo a cikin ELAN, manhajar cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan. Hoto mai ɗigo 1920 sau 1080 ya ninka mai 640 sau 360 har sau tara. Domin rubuta magana da bin motsin hannu, ƙaramin kwafin yakan isa, tare da sautin a fayil ɗin WAV dabam.

6. Gyaran da ke cin kuɗi

Idan an yi duk waɗannan, awo kuma yana nuna (a) ko (b), to lokacin saye ya yi, kuma jerin yana da muhimmanci.

Na farko SSD. Mun ga a sashe na 2 cewa wajen neman ƙananan fayiloli ya fi diski mai faranti sauri fiye da sau ɗari. Wajen karanta babban fayil a jere ma, mai faranti yana ba da kimanin megabayit 100 a sakan, SSD mai mahaɗin SATA kuwa wajen 550. Yawancin kwamfutocin hannu da suka zo da diski mai faranti suna karɓar SSD mai inci 2,5 a gurbin tsohon kai tsaye. Sababbi suna da ƙaramin gurbi mai suna M.2, shi kuma iri biyu ne, SATA da NVMe, sai a tabbatar da wanda na'urar ke karɓa kafin a biya. SSD yana da ƙarin fa'ida ga mai yawo a babur da motocin ƙauye, tun da girgiza ba ta lalata shi. Amma idan ya mutu yakan mutu farat ɗaya, kuma ceto bayanai daga cikinshi ya fi wuya. Saboda haka tsohon diskin, in lafiyarshi ƙalau, a sa shi cikin ɗan akwatin USB ya zama wurin ajiyar kwafi.

Na biyu RAM. A ganinmu gigabayit 8 ne mafi ƙarancin abin da mai aiki da sauti zai wadatu da shi. Kafin saye a duba abu uku. Iri: DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna, kuma wasu na'urori DDR3L kaɗai suke karɓa, mai aiki da volt 1,35 maimakon 1,5. Gurbi: akwai na'urorin da aka liƙe RAM ɗinsu, ba a iya ƙarawa. Tsari: Windows mai bit 32 ba ta iya amfani da abin da ya wuce gigabayit 4, ko nawa aka sa mata. A kuma sani cewa RAM ɗin da ba a cika ba, ƙarinta ba ya kawo sauri. Wanda awonshi bai wuce 60% ba, ya riƙe kuɗinshi.

Furosesa kuwa, a yawancin kwamfutocin hannu a liƙe yake. Idan awo ya nuna shi ne matsalar, kuma ba zafi ba ne, nan ne kawai batun sayen wata na'ura ya taso.

7. Batun tsarin Windows

A shekarar 1995 Niklaus Wirth, masanin kwamfuta ɗan ƙasar Suwizalan, ya yi kukan cewa manhajoji suna ƙara nauyi fiye da yadda na'urori ke ƙara sauri. Windows 95 da megabayit 4 na RAM take tashi. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, gigabayit 4 take nema, ninki dubu ke nan, tare da fili gigabayit 64 da wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0. A ɓangaren Intel kuma, in ban da ƴan kaɗan, sai furosesa na ƙarni na 8 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 tallafin da aka saba, kuma ƙarin wa'adin da ya sanar na ɗan lokaci ne.

Wannan ya shafi tsofaffin na'urori da yawa da ke hannun ɗalibai. Na'urar da ba ta cika sharuɗɗan ba tana da wata hanya, ita ce tsarin Linux mai sauƙin nauyi, kamar Lubuntu ko Linux Mint mai fuskar Xfce. Praat da ELAN da Audacity da AntConc duk suna aiki a kanshi, haka ma Keyman domin buga haruffa masu lanƙwasa. Mai tsara ƙamus da FLEx kuwa ya yi hattara, tun da Windows ce mazauninta na asali. Ana iya gwada Linux daga kile USB ba tare da an goge komai ba, kuma haka ya kamata a fara.

8. Kammalawa

Jerin da muke ba da shawara a bi shi ne: a kwafe bayanai, a duba lafiyar diski, a auna a lokacin nawa, a rage manhajojin da ke tashi da kansu, a share ƙura, a sauƙaƙa fayilolin sauti da bidiyo, sa'annan a sayi SSD, sa'annan RAM idan awo ya nuna bukata. Formataj yana da wurinshi idan cuta ta ci tsarin, amma ba ya faɗaɗa RAM, ba ya fitar da ƙura, ba ya gaggauta faranti, shi ya sa nawar ke dawowa bayan ƴan makonni. Muna kira ga malamai masu duba kundaye da su riƙa tambayar ɗalibi, tun kafin ya tafi ɗaukar magana, wane irin diski ne a na'urarshi, RAM ɗinshi nawa ce, kuma ina zai ajiye kwafi na biyu.